Apollo 13: na ƙasa ne suka cece su, ko su suka ceci kansu?

Malam Kabir: Ni fa yabon da ake wa mutum ukun nan na Apollo 13, kumbon Amurka da ya nufi wata, wato Lovell da Haise da Swigert, ya yi mini yawa. Tun da tankin oksijin ya fashe ran 13 ga Afrilu 1970, injiniyoyin cibiyar kula da tafiyar da ke Houston ne suka yi duk tunanin. Su Lovell umarni kawai suka bi.

Hajiya Rabi: Haba Malam! Bin umarni da ruwan sha kofi guda a yini, ga sanyin da hunturun Katsina bai kama ƙafarsa ba? Haise har zazzaɓi ya rufe shi.

Malam Kabir: Sun sha wuya, ban musa ba, Hajiya. Amma ƙaramin kumbon da suka fake a ciki, Aquarius, don mutum biyu aka ƙera shi. Da gurɓatacciyar iskar numfashinsu ta fara taruwa, matatun babban kumbo masu kusurwa huɗu ne, ramin ƙaramin kuma zagayayye. A ƙasa aka haɗa dabarar leda da kwali da salatif, aka karanto musu ta rediyo.

Aminu Ƙofar Sauri: Yaya Kabir, ka tsallake wani wuri. Bayan sun zagayo wata, kumbon ya fara kaucewa hanya, kwamfutar kuma a kashe take don tattalin wuta. Da hannu suka kunna inji na daƙiƙa 14. Lovell yana saita duniya ta taga, Haise na riƙe ɗaya ɓangaren, Swigert na duba agogon hannunsa. Wa ya riƙe musu a Houston?

Malam Kabir: Wa ya ba su lissafin daƙiƙa 14 ɗin?

Aminu Ƙofar Sauri: Na ƙasa. To tunda lissafi kake yi, a lissafa duka: wayoyin cikin tankin nan a ƙasa suka ƙone, wurin gwaji, tun kafin a tashi, ba wanda ya lura.

Hajiya Rabi: Ashe ma gyaran ɓarnarsu suke yi 😂

Malam Kabir: Ba su Gene Kranz, jagoran masu kula da tafiyar a Houston, ne suka gwada tankin ba, kada ku yi musu kuɗin goro.

Alhaji Lawal: Ku dai ku yi ta yi. Ni Swigert nake tausayi: kwana kaɗan kafin tafiya aka saka shi a madadin Mattingly, don ana tsoron Mattingly ya ɗauki ƙyandar Jamus.

Aminu Ƙofar Sauri: Ƙyandar da ba ta ma kama shi ba, Alhaji.