Zanen Guernica: shaida ne ko kacici-kacici?

Malam Habu: Ra'ayina shi ne zanen Guernica na Picasso, shahararren mai zane ɗan Sifaniya, ya gaza a matsayin shaida. Ranar 26 ga Afrilu, 1937, jiragen yaƙin Jamus da Italiya suka yi wa garin Gernika (wato Guernica) na Sifaniya ruwan bama-bamai, amma a wannan zane mai tsawon kusan mita 8 babu jirgi ko ɗaya, babu kuma fuskar Janar Franco, jagoran 'yan tawaye a yaƙin basasar Sifaniya, wanda dominsa aka yi ɓarnar. Wanda bai san tarihin ba, me zai gane?

Hajiya Rabi: Malam, zai ga uwa rungume da gawar ɗanta, ta ɗaga kai sama tana kururuwa, zai kuma ga mace a cikin gidan da wuta ke ci. Da ya zana jiragen, da ya ɗaure zanen ga rana guda da gari guda, alhali uwar nan tana nan a duk inda aka kai wa fararen hula hari.

Garba: Hajiya, ni bijimin nan da ke cikin zanen ne ya tsaya mini a rai. Yana tsaye a kan uwar, fuskarsa ba ta nuna tausayi, ba ta nuna mugunta. Shin mai tsaron ta ne, ko shi ne azzalumin?

Hajiya Rabi: Ƙanena, Picasso da kansa ya taɓa cewa bijimin alamar zalunci da duhu ne, dokin da aka soke kuma jama'a ne, sannan a wani lokacin ya ce bijimi dai bijimi ne, doki kuma doki. Dubi fitilar lantarkin da ke sama, wadda aka zagaye da siffar ido, ga kuma wata mata ta miƙo fitilar ƙwai kusa da ita. Ni kullum idan na duba sai na rasa ko hasken sama yana tona asirin kisan ne, ko shi ne fashewar bam ɗin, kuma wannan rashin tabbas ne yake hana ni kau da kai.

Malam Habu: Na karɓi batun fitilar, Hajiya. Amma mutanen Franco sun yi ƙarya cewa mazauna yankin ne suka ƙona garinsu da hannunsu, kuma har yanzu ina ganin ya kamata a ce zanen ya nuna wanda ya yi kisan ƙarara.