Taif retin na tsohon jirgi: in biya na 737 Classic ko in jira na sabo?

Sabon_Matuƙi:

Assalamu alaikum, manyanmu. Ina da CPL, wato lasisin tuƙin jirgi na kasuwanci, da shaidar tuƙi da na'ura da ta inji biyu, na kuma gama MCC, horon aiki tare a jirgi mai matuƙa biyu. Wani kamfanin dakon kaya mai tsofaffin jiragen Boeing 737-400 ya ce zai ɗauke ni in na biya kuɗin taif retin, wato shaidar tuƙa wannan samfurin jirgi, da kaina, kuma bashi zan ci in biya. Wasu na cewa in haƙura in tara na Airbus A320, wai tsohon jirgi kwanansa ya ƙare. Shin retin ɗin tsohon jirgi yana kai mutum wani wuri, ko kuɗi ne kawai za a binne?

Kyaftin_Dare:

Wa alaikumus salam, ƙanina. Ka bar batun shekarun jirgi tukuna, ka duba abin da za a rubuta a lasisinka. Tsofaffin jirage kashi biyu ne: akwai wanda zuriyarsa ke ci gaba, akwai wanda ya ƙare a kansa.

737-400 yana kashin farko. An ƙera Classic, wato 300 da 400 da 500, daga 1984 zuwa 2000, amma a tsarin EASA, hukumar kula da jiragen sama ta Turai, retin ɗinsa ɗaya ne da na NG da MAX, wato samfuran 737 da suka biyo bayansa. A Amurka ma hukumarsu FAA rubutu ɗaya take yi wa 737 duka. Don haka in ka koma 737-800, wanda NG ne, ba sabon retin za ka yi ba, horon bambanci ne, wanda ya fi gajarta nesa ba kusa ba. Bambancin dai na gaske ne: injin Classic CFM56-3 ne, na NG CFM56-7B; Classic yana tsayawa a ƙafa 37,000, NG yana kai 41,000; a ɗakin matuƙa Classic yana haɗa ƙananan allunan nuni da agogunan allura, NG kuwa manyan alluna shida ne. Haka 757 yake da 767, retin ɗaya. An daina ƙera 757 a 2004, amma 767 na dakon kaya ya riƙe darajar shaidar.

Kashi na biyu shi ne abin gudu. MD-80 misali ne: American Airlines ta ajiye nata a 2019, Delta a 2020, matuƙan da ke da retin ɗin suka yi yawa, kujeru suka yi kaɗan. 737-200 ma a tsarin EASA retin ɗinsa daban ne, ba ya buɗe maka ƙofar NG.

Ka je hukumar da ta ba ka lasisi ka ga yadda ita take rubuta shi, don ba kowace ƙasa ke bin Turai ko Amurka sak ba.

Malamin_Similata:

Kyaftin ya faɗi gaskiya kan takarda. Ni kan kuɗin zan tsaya, don nan ake cutar matasa.

Farashin da makaranta ke tallatawa sau da yawa na aji ne da similata, wato na'urar kwaikwayon tuƙi, kawai. A tsarin EASA, retin ɗin jirgi mai matuƙa biyu yana buƙatar aƙalla awa 32 a na'urar kwaikwayo, yawanci zama takwas na awa huɗu-huɗu, sai jarrabawa. Bayan nan akwai tashi da sauka shida a jirgi na gaske ga wanda wannan ne retin ɗinsa na farko. Jirgin ba fasinja ba kaya, yana ta zagaye filin sauka, mai da tayoyi da birki duk a wuyan wani suke. Ka tambaya ƙarara: wa zai biya, da jirgin wa, yaushe? Akwai wa'adin wata shida tsakanin cin jarrabawa da neman a rubuta maka retin. In kamfani ya yi ta jan ka da cewa jirgi yana gareji har wa'adin ya wuce, ka koma similata da kuɗinka.

Sai UPRT, horon ceto jirgi in ya kauce daga daidai, wanda EASA ta wajabta tun ƙarshen 2019 kafin retin na farko. Sai tafiya da masauki. Wannan na ƙarshe ya fi cizo a Classic, saboda similatocinsa suna raguwa a duniya, kuma duk sabuntawa sai ka bi su inda suke.

Retin shekara ɗaya yake yi. Retin da ba awoyi a kansa kuwa ba ya da kasuwa: tallan aiki da yawa awa 500 a kan samfurin suke nema. Saboda haka mai cewa ka sayi na A320 ka zauna jiran kira bai taimake ka ba. Bayan wata goma sha biyu za ka sake biya don kada ya mutu, alhali hannunka ya riga ya yi sanyi. Classic da aiki a hannu ya fi A320 a aljihu.

Amma aikin ya zama a rubuce, an sa hannu kafin ka biya ko sisi, da ranar fara horon kan aiki da albashin lokacin horon. In sun ce ka biya awoyin da za ka yi a kujerar dama, ta mataimakin matuƙi, ma, tashi ka ba su wuri. In za su yarda su biya su ɗaure ka da yarjejeniyar shekara biyu ko uku, ya fi bashin banki, muddin kuɗin yana raguwa wata-wata kuma yana faɗuwa in su ne suka sallame ka ko suka ajiye jiragen.

Injiniya_B1:

Daga ɓangaren gareji, malam, ga abin dubawa. Jirgi ba da shekara kaɗai yake tsufa ba, da yawan tashi da sauka ne, don kowane hawa yana hura gangar jikinsa da matsin iska, kowace sauka ta sake shi. Abin da ya yaye rufin 737-200 na kamfanin Aloha Airlines a Afrilun 1988 ke nan, bayan zagayen tashi da sauka sama da 89,000, ga tsatsa da tsagewa a layin ƙusoshi. Tun daga nan aka tsaurara binciken tsofaffin jirage. Tsohon jirgin da ake kula da shi lafiyayye ne. Wanda ake yi wa rowar kayan gyara shi ne matsala, kuma araha ba ta ado.

Abin da ke kashe aikinka ba haɗari ba ne, lissafi ne. In babban gyara ya zo, wanda ake kwance jirgi kusan gaba ɗaya, ko sassan inji masu ƙayyadadden zagaye suka cika, mai jirgi yana kwatanta kuɗin da darajar jirgin. In gyaran ya fi, sai a yanka shi a sayar da sassa. Ka tambayi injiniyoyinsu jirage nawa ke tashi a zahiri, nawa ke ajiye ana cire musu kaya, kuma yaushe babban gyaran kowanne zai zo.

In ka samu dama ka leƙa littafin gyara. MEL, wato takardar jerin mafi ƙarancin kayan da jirgi zai iya tashi da su, tana ba da izinin tashi da wasu abubuwa a lalace na ɗan lokaci: rukunin B kwana 3, C kwana 10, D kwana 120. Ganin lambar gargaɗi ɗaya ko biyu a ɗakin matuƙa ba komai ba ne. Amma in lalura ɗaya tana ta dawowa, a rufe ta yau a buɗe jibi, to an saba rufa-rufa a wurin, kuma lasisinka ne zai ɗauki nauyin.

Sabon_Matuƙi:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Saura ɗaya: awoyin dakon kaya suna ƙirguwa daidai da na fasinja?

Kyaftin_Dare:

Suna ƙirguwa daidai. ATPL, wato babbar shaidar da ake buƙata don zama kyaftin, awa 1,500 take so, a tsarin EASA 500 daga ciki a jirgi mai matuƙa biyu, ba ruwanta da abin da ke bayanka. Inda za ka yi hattara shi ne saurin taruwarsu. Dakon kaya na gajeren zango yawanci dare ne: tashi biyu gajeru, dogon jira a ƙasa ana lodi. Matuƙin fasinja yana iya kusantar iyakar awa 900 a shekara, na kaya sau da yawa yana ƙasa da haka sosai. Ka tambayi mataimakan matuƙansu awa nawa suka yi bara, ka raba 1,500 da wannan adadi, ka ga ko jiragen za su kai lokacin.

Ban yarda da masu raina awoyin Classic ba. Na'urorinsa ba sa yi maka komai da komai, dole idonka ya riƙa zagaya agoguna, ka iya lissafin gangarowa da kai, ka iya riƙe jirgi da hannu. Sai dai ka tabbatar jiragen nasu suna da allunan nuni da kwamfutar tsara hanya mai aiki, don wasu kamfanoni suna ware awoyin irin wannan ɗaki a fom ɗin neman aiki. In kuma suna da shirin kawo 737-800 na kaya, ka nemi a rubuta a yarjejeniyar cewa su za su biya horon bambancin.