"Mai haƙuri yakan dafa dutse": shin ta dace da tsohon ma'aikacin kanti?

Mai tambaya, daga Garwa: Assalamu alaikum. Yayana ya daɗe yana aiki a wani kantin kayan gini a babbar kasuwar Garwa, a arewacin Kamaru. Shi ke buɗe ƙofa da safe, ya san girman kowace ƙusa ba sai ya duba ba, kuma shi masu saye ke nema da sun shigo. Da ya nemi ƙarin albashi, sai maigidansa ya ce masa mai haƙuri yakan dafa dutse. Tun daga ranar ya daina yi wa kowa tayin kaya, sai dai ya miƙa abin da aka tambaya ya koma ya zauna. Shin an yi amfani da maganar a muhallinta?

Wani dattijo, daga Marwa: Wa alaikumus salam, ɗana. Maigidan rabin maganar ya faɗa, domin cikonta shi ne "har ya sha romonsa". A zamaninmu yaron kanti ba don albashi yake zama ba. Ubangida ne ke ciyar da shi, ya tufatar da shi, ya yi masa aure, sa'annan in shekaru sun cika ya sallame shi da jari ko da kaya bashi, ya buɗe nasa. Wannan sallamar ita ce romon da ake haƙuri dominsa. Yanzu an koma biyan wata, an bar sallama, amma ana son a ci gaba da neman irin haƙurin da.

Mai kanti, daga Ngaundare: Baba, a yi mana adalci. Litar fetur ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, ta kai 840 a Fabrairun 2024, kuma duk buhun simintin da ya taso daga kudu sai ya iso da wannan ƙarin a kansa. Ga haya, ga haraji, ga masu karɓar kaya bashi. Mu ma haƙurin muke yi.

Wata malama, daga Kuseri: Alhaji, tsadar da ta same ka ta sami tukunyar ma'aikacinka, shi kuwa ba shi da farashin da zai ƙara. Ni a ganina wadda ta fi dacewa ita ce "kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi". A Maris na 2023 an mayar da mafi ƙarancin albashi sefa 60,000 ga ma'aikatan da ba na gwamnati ko na gona ba, saboda haka inda ake bin doka sabon shiga na iya fara aiki da abin da ya kusa na wanda ya tsufa a wurin, kuma wannan ne ke kashe zuciya fiye da ƙarancin kuɗin kansa. Alhali doka ta tanadi kuɗin daɗewa a aiki: kashi 4 cikin 100 na mafi ƙarancin albashin matakin ma'aikaci bayan shekara 2, da ƙarin kashi 2 kowace shekara.

Dattijon Marwa: Malama, maganar kura ta yi tsauri, domin tana mayar da kowane mai kanti azzalumi, kuma ba haka ba ne. Abin da na tsaya a kai shi ne bakin da maganar haƙuri ta fito. Uwa ko aboki na iya faɗa wa wanda aka ƙuntata domin su sanyaya masa rai, amma ba ta dace da bakin wanda haƙƙin yake hannunsa ba. Alhaji, in ƙari ya gagara bana, ai kana iya zaunar da yaronka ka nuna masa littafin ciniki, ka yanka masa lokaci.

Mai tambaya: Na gode, Baba. Malama, zan tambayi Yaya ko an taɓa yi masa rajista a CNPS, wato asusun fansho da inshorar ma'aikata na ƙasa. In ba a yi ba, ofishin sufeton ƙwadago zai fara zuwa, ko kuwa ya fara tura dattawan kasuwa wurin maigidan?