"Ciki mai manta kyautar jiya": habaici ne ko halin tumbi?

Baban Ummi: Jama'a, kakata takan ce "ciki mai manta kyautar jiya" in ta gan mu da sassafe muna zagaye tukunyar ɗumame, alhali da daddare mun cika tumbi. Ni a fahimtata butulu ake wa habaici. Ko akwai wata fassarar?

'Yar Katsina: Butulun ne kawai. Ka yi wa mutum alheri shekara guda, ka hana shi rana ɗaya, ya shafe duka. Aron cikin aka yi.

Ɗalibin Likita: Hajiya, aron ya zauna fiye da yadda kike zato. Tumbi da kansa yake fitar da wani sinadari mai suna girelin, wanda Masayasu Kojima da Kenji Kangawa suka gano a Japan a 1999. Idan ciki ya zama wayam sai ya yawaita a jini, ya kai ƙara can ƙasan ƙwaƙwalwa, inda ake kula da yunwa da ƙoshi. Da an ci sai ya sauka, bayan 'yan sa'o'i ya sake hawa. Naman Sallar jiya ba ya cikin lissafinsa.

Dattijon Damagaram: A nan zan saɓa da kai, ɗana. A kwanakin farko na azumi, da azahar yunwa take murɗa ni, daidai lokacin da na saba cin abincin rana. Bayan mako sai ta lafa. Mai mantuwa ya san agogo haka?

Ɗalibin Likita: Gaskiyarka, Baba. Girelin yana bin lokutan da aka sabar wa jiki. Kuma yana da abokin aiki, leftin, wanda Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller a Amurka ya gano a 1994. Shi daga kitse yake fitowa, yana shaida wa ƙwaƙwalwa abin da ya rage a rumbu. Wanda ya matse cikinsa har ya rame, leftin ɗinsa ya ragu, girelin ya ƙaru, shi ya sa ƙibar ke yawan dawowa. Kyauta ciki ke mantawa, bashi kam yana riƙe da shi.

'Yar Katsina: To yanzu duk wani hadamamme sai ya ce ba laifinsa ba ne, girelin ne? Ai mun san "kwaɗayi mabuɗin wahala". Yunwa daban, ganin tsire a faranti daban.

Ɗalibin Likita: Daban ne, Hajiya, amma sukan haɗu. Ƙarancin barci ma yana ɗaga girelin, ya sauke leftin.

Baban Ummi: Ashe! Aikin dare nake yi, kuma da na dawo da asuba ƙosai da burodi ba sa kai mini ko'ina. Maman Ummi ta daɗe tana cewa tsutsar ciki ce.