Neman shawara: an ba Mama ranar ganin likita, amma wuni take yi a kan benci

Ummu Khalil:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka san aikin asibiti. Mahaifiyata ta manyanta, tana da ciwon suga da hawan jini, kuma ana duba ta a wani babban asibitin koyarwa duk bayan wata uku. A katinta an rubuta rana, an rubuta ƙarfe takwas na safe. Mukan isa tun kafin bakwai, amma ba a kiran sunanta sai bayan azahar, wani lokaci ma a ce ba a ga fayil ɗinta ba. Ba ta karyawa idan za mu je saboda gwajin suga, sai jiri ya riƙa ɗibarta a wajen jira. Yanzu ta fara cewa ta gaji, a riƙa sayo mata maganin a kemis kawai. Me ke jawo wannan jira, kuma yaya za mu yi ya ragu?

Malam Sabo, ma'aikacin sashen kati:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Mama lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri.

Ƙarfe takwas ɗin nan ba ita kaɗai aka rubuta wa ba. Duk wanda aka ba wannan rana, takwas aka rubuta masa. A ce mutum sittin aka ba rana, likitoci uku ke zama, kowane mara lafiya yana cin minti goma sha biyar. Kowane likita zai ga mutum ashirin ke nan, wato awa biyar. Ko da an fara takwas daidai, na ƙarshe sai ƙarfe ɗaya. Kuma da wuya a fara takwas, domin likitocin da za su zauna su ne suke fara leƙa waɗanda aka kwantar, wasu kuma sun kwana a bakin aiki. Aka kira ɗaya daga cikinsu sashen gaggawa, mutum ashirin ɗinsa sun koma kan sauran biyun.

Wannan ba a hannunki yake ba. Abin da ke hannunki shi ne fayil, kuma a nan ake asarar lokaci mafi yawa. Layin da ake kira ba layin mutanen da ke zaune a benci ba ne, layin fayil ne da ya isa teburin nas. Wanda ya zo ƙarfe shida amma fayil ɗinsa ya maƙale, wanda ya zo takwas zai riga shi shiga. Fayil kuma ba kasafai yake ɓata ba, yawanci yana inda aka kai shi na ƙarshe: ɗakin da aka kwantar da mara lafiya, ko sashen ido, ko ofishin inshora inda ake lissafin kuɗi. Saboda haka ki aika wani da katin kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, ya je sashen kati ya ce yana so a tabbatar sunanta yana cikin rajistar wannan rana kuma fayil yana wurinsa. Ya faɗa musu inda aka duba ta na ƙarshe da kwanan watan, nan take za su san inda za su bi sawunsa. Idan ana karɓar kuɗin ganin likita tun kafin ranar, a biya a riƙe rasit. A asibitocin tarayya kuɗin ta intanet yake bi ya shiga asusun bai ɗaya na gwamnati, ranar da sabis ya ɗauke kuwa layin biyan kuɗi kaɗai yana iya cin awa guda.

Ki ɗauki hoton katin a wayarki, lambar asibiti ta fito sosai. Da lamba ake neman fayil, ba da suna ba, don masu suna iri ɗaya suna da yawa. In aka yi minti talatin ana nema ba a gani ba, ki nemi a buɗe mata na wucin gadi. Ana yi, kuma ba alfarma ba ce.

Sista Rabi, nas:
'Yar'uwa, ni maganar rashin karyawar ta fi tsaya mini a rai, don ita ce mai haɗari. Azumin nan na ɗaukar jini ne kawai, ba na ganin likita ba. Awa takwas ake buƙata ba a ci komai ba, ruwa zalla kuma ana sha. Idan ta ci tuwon dare ƙarfe tara, kafin bakwai na safe ta cika har da ƙari. Da zarar an ɗauki jinin, ta karya a nan take. Babu dalilin da zai sa tsohuwa mai suga ta zauna da yunwa har azahar.

Abin da ke jefa mutane cikin matsala shi ne su haɗiyi maganin suga da asuba kamar kullum, sannan su ƙi cin abinci. Magani irin su glibenclamide, wanda aka fi sani da Daonil, da allurar insulin ta lokacin cin abinci, suna saukar da suga ko an ci ko ba a ci ba. A zo da su a jaka, a yi amfani da su bayan an ɗauki jini, abinci yana hannu. Idan tana yin insulin mai dogon aiki, a tambayi likitanta yadda za a yi ranar gwaji, kada a canza da ka. Maganin hawan jini kuwa ta sha abinta da safe da ruwa. Wasu suna barinsa wai don likita ya ga ainihin ciwon, sai awo ya nuna jini ya hau, a ƙara musu maganin da ba sa buƙata.

Ki san alamomin faɗuwar suga: gumi, rawar jiki, bugun zuciya, jiri, yunwa mai tsanani, ko ta fara magana ba kan gado. Idan kina da na'urar gwaji, ƙasa da 70 ko 3.9, ya danganta da ma'aunin na'urarki, suga ya faɗi. A ba ta ƙaramin cokali huɗu na sukari a ruwa, ko kamar rabin kwalbar lemo mai sukari, a sake gwadawa bayan minti goma sha biyar, sannan ta ci abinci. Idan ba ta cikin hayyacinta kada a ɗura mata komai a baki, a kira nas da ƙarfi. Kuma tun da kuka iso, ki je teburin nas ki ce, "Mamana mai suga ce, tana shan magani kaza, jiri yana ɗibarta." Nas ba ta iya karanta halin mutum sittin a fuska, amma in an faɗa mata tana da ikon gabatar da tsoho, da mai rauni, da wanda jikinsa ya rikice.

Ummu Khalil:
Na gode ƙwarai, Sista. Wallahi mun ɗauka sai likita ya gan ta sannan za ta ci. To gwajin dole ne sai ranar?

Dakta Bello:
Ba dole ba ne, Hajiya, kuma ya fi a yi shi kafin ranar. Duk lokacin da za ku fita daga ɗakin likita, ki roƙe shi ya rubuta takardun gwajin zuwa na gaba. Sai a yi su kamar kwana uku zuwa mako guda kafin ranar, a karɓi sakamako a riƙe. Gwajin ƙoda, na kitsen jini, na fitsari, duk ana iya yin haka da su. Gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda suga ya kasance cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce, ba ya ma buƙatar azumi. Wanda ya shiga ba sakamako, sau da yawa abin da zai samu bayan wunin jira shi ne takardar gwaji da wata sabuwar rana.

Tun da minti goma ko goma sha biyar za ku samu a ciki, ku shiga da shiri. Ki zo da duk magungunan da take sha a cikin kwalayensu, har da na gargajiya da na ciwon jiki da ake saye a kemis, don wasu magungunan ciwon gaɓoɓi irin su diclofenac da ibuprofen suna tayar da jini kuma suna taɓa ƙoda. Ki sami ɗan littafi ki rubuta awon jini na mako guda kafin ranar, safe da yamma, bayan ta zauna minti biyar ta huta, da awon suga tare da lokacin da aka yi. Wannan littafin ya fi awo ɗaya da za a yi mata bayan ta gaji da zama. Tambayoyinku kuma a rubuta su, mafi damuwa a farko, kada sai likita ya rufe fayil a ce "af, ga kuma ƙafarta tana yin sanyi."

Maganar komawa kemis kuwa, ki lallashi Mama. Ba rubutun magani kaɗai ake zuwa nema ba. Suga da hawan jini suna cin ƙoda da ido da jijiyoyin ƙafa a ɓoye, shekaru kafin mutum ya ji komai, shi ya sa ake son a duba ido da ƙoda da tafin ƙafa aƙalla sau ɗaya a shekara. Amma akwai hanya ta tsakiya. Idan sakamakonta ya daidaita kuma babu wata matsala da ta taso, ki tambayi babban likitan ko zai tsawaita tazarar, ko ya rubuta mata takardar komawa asibitin da ke kusa da ku, ta riƙa zuwa can don awo da karɓar magani, ta dawo wurinsu sau ɗaya ko biyu a shekara. Likitoci da yawa suna maraba da wannan, don shi ma yana rage cunkoson.

Abubuwan da ba a jiran layi a kansu: ciwon ƙirji, numfashi da ƙyar, karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, harɗewar harshe, ko lambar sama ta awon jini ta kai 180 ko ta ƙasa ta kai 120 tare da ciwon kai mai tsanani ko dishi-dishin gani. Waɗannan kai tsaye sashen gaggawa, ko da ranar ganin likita saura wata biyu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi karɓar mara lafiya a halin gaggawa.

Abban Sadiq:
Mu faɗa wa juna gaskiya, mafi sauƙi ki samu wani da kika sani a ciki ya riƙa ɗora fayil ɗin a sama.

Sista Rabi:
A'a, Malam, ban goyi bayan wannan ba. Duk fayil ɗin da aka ɗora a sama, wata tsohuwar da ta taso daga ƙauye tun asuba aka danne. Kuma idan ma'aikacin ya tafi hutu an koma gidan jiya. Mama tana da hujjar da za a gabatar da ita a fili, shekaru da ciwon suga, ba ta buƙatar bin bayan fage.

Hajiya Binta, ofishin inshorar lafiya:
Ba ki faɗa mana ko Mama tana kan inshora ba. Idan tana kan tsarin inshorar lafiya na ƙasa, wato NHIA, wanda ya maye gurbin NHIS a 2022, to akwai wani layin da ke cinye safiya. Ganin ƙwararren likita yana buƙatar takardar turawa daga asibitin da aka yi mata rajista, da lambar amincewa daga HMO ɗinta, wato kamfanin da ke kula da inshorarta. Mutane suna zuwa ranar sannan a fara neman lambar, ana kira ba a ɗauka, fayil yana ajiye a ofis ana ta kiran wasu. Ki je da takardar kwana biyu ko uku kafin ranar, a nemi lambar, ki rubuta ta a littafinki. Ki tambaya ko ta haɗa da gwaje-gwajen, don wani lokaci kowane da tasa lambar. Tsarin jihohi, irin KSCHMA a Kano, shi ma yana da nasa ƙa'idar turawa, a tambaya tun da wuri.

Malam Sabo:
Ƙarin abu biyu. Lokacin da ake ba ku rana, ki duba kalanda kafin ki bar teburin. Makon da ya biyo bayan hutun Sallah, da makon farko bayan yajin aikin likitoci, su ne suka fi cunkoso, don waɗanda suka rasa ranarsu duk nan ake zuba su. Ki nemi a matsar da mako ɗaya. Ki kuma tabbatar maganin da aka rubuta zai kai ranar har ya ɗara da kamar mako biyu, saboda in aka ɗage zama kada ya yanke mata. Idan kuwa kun rasa ranarku, a je sashen kati a karɓi sabuwa, kada a faɗo kawai wani mako, domin masu rana za a fara gani.

Na biyu, ki tambayi nas ɗin wajen yadda suke jera fayil. Wasu da lambar isowa, wasu sababbin marasa lafiya ne a farko, wasu kuma kowane likita da nasa tarin. Idan da lamba ne, wani matashi a gidan ya je da kati da rasit da sassafe ya karɓa, a kawo Mama daga baya ta karya kumallonta a gida. Sai dai a faɗa wa nas, don wasu wuraren ba sa saka fayil a layi sai an yi awon jini da nauyi.

Injiniya Auwal:
Duk shawarwarin nan suna da kyau, amma a kai koke ma. Maganin matsalar sananne ne tun da daɗewa. A 1952 wani masanin lissafi a Ingila, Norman Bailey, ya nuna cewa idan aka kira mutum biyu a farkon zama, sauran kuma aka rarraba musu lokaci bi da bi, jiran marasa lafiya yana raguwa sosai ba tare da likita ya yi zaman banza ba. Ko rukuni uku aka yi, na takwas, na goma da na sha biyu, an rage wahala, kuma wannan ba ya buƙatar sabon gini ko ƙarin likita.

Asibitocin gwamnatin tarayya suna da teburin SERVICOM, tsarin da aka kafa tun 2004 don karɓar irin wannan koke, kuma a 2018 an ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin marasa lafiya na ƙasa. Ki rubuta takarda gajeriya: kwanan wata, sashen, lokacin isowa, lokacin da aka kira ta, da abin da kike nema, wato a raba lokuta kuma a ware layin tsofaffi. Kada ki zargi wani ma'aikaci da suna sai in da abin da ya yi. Ki yi kwafi biyu, a buga miki hatimin karɓa a ɗaya ki riƙe. Idan sauran masu jinya da kuke haɗuwa a wajen suka sa hannu tare da ke, takardar ta fi saurin isa teburin shugaban sashen.