Irin fulawar portulaca ya ƙi fitowa a ɗaki, ina mafita?

Maman Ikram:
Salam 'yan uwa, don Allah masu harkar fulawa ku taimaka min. Na sayo irin portulaca, wannan mai ganye kamar allura da take buɗewa da hantsi ta rufe da yamma, na zuba a robar fenti na rufe da ƙasa kamar yadda ake shuka alayyahu, kullum ina ban ruwa safe da yamma amma shiru kake ji. A bene nake zaune ba ni da tsakar gida, robar tana falo kusa da taga.

Baban Lambu:
Wa alaikumussalam Hajiya. Rufewar nan ita ta cuce ki, irin nan ƙanana ne kamar ƙura kuma sai ya ga haske yake tsirowa. Ki sami yashi ki gauraya da ƙasa, ki huhhuda gindin robar, ki jiƙa ƙasar tukuna sannan ki barbaɗa irin a sama ki ɗan danna da tafin hannu shikenan. Idan akwai ɗumi cikin kwana 7 zuwa 14 za ki ga ya fara leƙowa. Kada ki kwarara ruwa da buta zai kwashe irin ya tara miki gefe guda, ki sa robar cikin faranti mai ruwa ta sha ta ƙasa ko ki fesa da kwalbar feshi.

Ummu Sadiq:
Ni dai anti falon nan ne ban yarda da shi ba wallahi. Shukar nan asalinta daga Brazil da Ajantina take, rana take so kamar awa 6 ko fiye, a inuwa ko ta fito sai ta yi tsawo siririya ta langaɓe kuma furen ba zai buɗe ba. Turawa da suke shuka ta a ɗaki saboda ƙanƙara ne, suna jira sanyi ya wuce su fitar da ita waje, mu da rana take dukanmu me ya kai mu? Ki kai ta baranda. Ruwan safe da yamma ma ya yi yawa, ganyenta na riƙe ruwa, gindin ruɓewa zai yi.

Baban Lambu:
Gaskiyarki. Kuma in kina da maƙociya mai ita kawai ki karyo reshe kamar tsawon yatsa ki soka a yashi, da kansa zai yi saiwa, ya fi iri sauri nesa ba kusa ba.

Maman Ikram:
Na gode Allah ya saka. Barandata gabas take kallo, ranar safe ce kawai take samu zuwa wajen sha biyu, hakan zai isa?