Wai me ya sa ƙananan jirage har yau suke aiki da kwantak kaman tsohuwar Fijo?

Rewaya_Jekadafari

Salamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah waɗanda suka san harkan jirgi ku fitar da ni daga duhu. Ni rewaya ne a nan Gombe, toh ƙanina da yake karatun gyaran jirgi a Zariya ya zo hutun sallah sai ya nuna min hoton wani abu a wayansa wai magneto, shi ke ba fulogi wuta a ƙananan jiragen nan masu farfela ɗaya irin su Cessna. Da na ga cikinsa wallahi sai da na yi dariya, kwantak ne da kondensa da kwayil da rota, sak distirbutan Fijo 504 da ogana ya koya min aiki a kai ina yaro, kwantak ɗin da muke gogewa da sanfefa mu saita shi da kwalin sigari. Yanzu ko Boxer na ɗan acaɓa CDI, ɗan akwatin wuta na lantarki mara kwantak, yake amfani da shi, amma jirgi da ke ɗaukan rai sama yana nan a zamanin da. Ba za a iya cire shi a sa na zamani ba ne? Na tambayi yaron ya ce min "yaya haka littafi ya ce", shi kenan amsan da na samu.

Baba_Injiniya

Wa alaikumus salam. Malam rewaya idonka bai yaudare ka ba, kwantak ne kam. Amma akwai abu ɗaya da ya raba shi da na Fijo. Fijo daga batir take ɗibar wuta ta kai kwayil, in batir ya mutu ko waya ta tsinke mota ta tsaya. Magneto kuma maganaɗisu ne a cikinsa, inji ke juya shi, shi yake haifar da wutansa da kansa, ba ruwansa da batir ba ruwansa da altaneta. Ka san janaretan gida ko injin ban ruwa na masu lambu a Dadin Kowa, ka ja igiya ya tashi babu batir ko ɗaya? To dangi ɗaya ne. Matuƙi yana sama wutan jirgi gaba ɗaya ya ɗauke, rediyo ya mutu fitila ta mutu, inji ko a jikinsa, zai ci gaba da juyawa har mai ya ƙare.

Kuma guda biyu ake sawa ba ɗaya ba, kowace silinda fulogi biyu, ɗaya na magneton dama ɗaya na hagu. Inji mai silinda 4 kaman Lycoming O-320 fulogi 8 kenan. Kafin a tashi matuƙi zai taka birki ya ɗaga inji, a Cessna 172S zuwa juyi 1800 a minti ɗaya, ya murɗa makulli zuwa dama kaɗai sannan hagu kaɗai yana kallon allura, faɗuwan kar ya wuce 150, bambancin su biyun kar ya wuce 50. In ya wuce a koma da jirgin.

Wani abu da nake so ka gaya wa ƙaninka tun yanzu, kashe magneto ba yanke masa wuta ake yi ba, haɗa shi ake da jikin inji ta wata siririyar waya, turawa suna ce mata P-lead. Kai ma ka sha ganin janareta an kashe suwic ya ƙi mutuwa sai an rufe mai, wayar nan ce ta tsinke. A jirgi in ta tsinke makulli yana aljihunka amma magneto na raye, wani ya zo ya taɓa farfela da hannu inji ya yi tari. Na taɓa gani da idona a wani wajen da na yi aiki, yaro ya juya farfela zai sa sandan jan jirgi, abin ya fizge, Allah ya kiyaye hular kansa kawai ta tafi. Kwana biyu bai iya cin abinci ba.

Kyaftin_Yelwa

Baba ya gama magana a kan dalilin barinsa, bari in ɗan taɓa ainihin tambayan, eh ana canzawa, ba yau aka fara ba. Akwai kamfanonin Amurka irin su SureFly da Electroair da suke yin na lantarki, kuma hukumar jiragen sama ta can wato FAA ta ba su takardan amincewa a kan injuna da yawa. Abin da yawanci ake yi shi ne a cire magneto ɗaya a bar ɗaya, saboda na lantarkin yana dogara da batir, in wuta ta ɗauke tsohon nan da ake raina wa shi zai kawo ka gida. Akwai kuma P-Mag na kamfanin E-Mag, shi an sa masa ɗan ƙaramin altaneta a ciki, da inji ya ɗauki gudu yana ciyar da kansa, masu haɗa jirgi da hannunsu a can suna sonsa sosai.

Ribar tana wajen tayimin. Magneto wuri ɗaya aka ɗaure shi, a O-320 da O-360 digiri 25 kafin fistin ya kai ƙarshen sama, ko kana tashi ko kana can ƙololuwa haka zai buga. A sama kuwa iska ta yi sirara, cakuɗen mai da iska yana ci a hankali, yana son a kunna masa wuta da wuri, na lantarki yana karanta gudun inji da matsin iskan da ke shiga sai ya matso da tayimin gaba, mai ya ɗan ragu. Ga tashi da safe ba wahala, ga an rage wahalar buɗe magneto duk awa 500 a duba kwantak da sauransu.

Amma ni ra'ayina, ka matso da tayimin gaba kan silinda zai ƙara zafi, wannan ba makawa. Injunan nan iska ke sanyaya su babu lagireto. Lycoming sun sa jan layin zafin kan silinda a 500 na ma'aunin Fahrenheit amma duk mai son injinsa yana ƙoƙarin ya zauna wajen 400 ko ƙasa. Toh ka ɗauko jirgi a filin jirgin Gombe da ke Lawanti ko na Bauchi cikin watan Afrilu da rana tsaka, zafin gari ya kai 40 a ma'aunin Celsius, kwalta na tururi, inji ya riga ya gasu tun kana ƙasa kana jiran izini. Wanda ke yabon abin a intanet yawanci yana zaune inda sanyi yake. Kuma jirgin koyo da aikinsa tashi da sauka ne a kewayen fili ba ya hawa can sama da zai ci ribar man. Ni da za a tambaye ni sai in ce a sa ɗaya amma a ɗaure tayimin ɗin a inda magneto yake, dama ana iya saita SureFly haka.

DanMudaLawal

Hhhh ku kawo min shi kasuwar Muda Lawal a Bauchi in sa masa CDI na Jincheng dubu kaɗan aiki ya ƙare 😂 Amma da gaske, ba na ji an ce akwai jirgin da ke shan fetur na gidan mai ba?

Baba_Injiniya

Ɗana wasa kake amma ka kusa gaskiya. Injin Rotax 912 na ƙasar Ostiriya CDI biyu ne a jikinsa, kuma kwayil ɗin da ke ba su wuta yana bayan inji kaman na babur, ba ya jiran batir, yana kuma shan fetur na mota in mai kyau ne. Amma haka aka ƙera shi tun farko. Jirgi mai rajista ba ka da ikon sauya masa ko ƙusa ɗaya da son ranka, sai kayan da aka amince da su, injiniya mai lasisi ya ɗaura ya sa hannu a littafin inji, hukumar jiragen sama ta Najeriya wato NCAA ta yarda. In ba haka ba takardan jirgin ta faɗi, inshora ma ba za su saurare ka ba. Su kuma Diamond DA40 da kwalejin Zariya ta kawo, injin dizal ne mai shan kananzirin jirgi, babu fulogi balle magneto, matsi ne ke kunna man.

Rewaya_Jekadafari

Allah ya saka da alheri Baba, Kyaftin na gode. Maganan janareta nan ita ta buɗe min kai, ko makon jiya na gyara wani a Pantami wayar suwic ɗin ɓera ya ci. Saura abu ɗaya, a bidiyon da yaron ya nuna min suna juya farfela a hankali ana jin wani ƙas ƙas a ciki, na ce masa wani abu ya karye ya ce a'a.

Kyaftin_Yelwa

Bai karye ba, sifirin ne a bakin magneto. Lokacin tayarwa inji na juyawa a hankali wutan ba zai yi ƙarfi ba, sai wani ƙugiya ya riƙe magneton sifirin ya ɗaure, fistin na isa sama ya sake shi ya fyaɗa da gudu, wuta mai ƙarfi kuma a makare yadda inji ba zai buga baya ba. Da inji ya tashi ƙugiyan zai janye da kansa. Amma ka ce wa ƙaninka duk lokacin da ya ji ƙas ɗin nan fulogi zai iya ba da wuta, ya tsaya gefe, kar ya sa kansa ko kafaɗansa a hanyan farfela.